Ruwa ba ya tafasa a digiri 100 a Maradi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku don mu ja hankalin malaman kimiyya na kwalejojinmu da lise kan wani kuskure da ya zama jiki. Yaro ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan da ke tafasa, ya ga digiri 99, ya rubuta abin da ya gani, sai a ja masa jan biro a ce 100 ne. Yaron ne ke da gaskiya. Digiri 100 ɗin littafi na bakin teku ne. Ruwa yana tafasa ne idan ƙarfin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke danne shi, kuma idan aka hau sama iska takan rage nauyi. Kowace hawa ta mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya, Maradi kuwa ta ɗara teku da mita ɗari uku da wani abu. Don haka a nan tsakanin 98 da 99 za a samu, ko a unguwar Zariya aka dafa ruwan ko a ta Bagalam.

Amma kafin a yarda da lambar, a duba yadda aka ɗauke ta. Kan ma'aunin ya nutse cikin ruwa, kada ya taɓa gindin tukunya, domin ƙarfen da ke kan wuta ya fi ruwan zafi. A jira har zaren da ke cikin ma'aunin ya daina hawa, a karanta yana cikin ruwan. Da an zaro shi ya fara sauka, balle lokacin hunturu da iska ke busar da shi nan take. Ma'aunin zazzaɓi na asibiti kuma ba na wannan aiki ba ne, iyakarsa digiri 42; a sa shi a ruwan zafi ya fashe, zaibar da ke ciki kuwa guba ce.

Sai kwalbar awo mai layi-layi. Saman ruwa a cikinta ba shimfiɗe yake ba, gefe yakan ɗan hau jikin gilashi, tsakiya ta lotsa kamar ƙoƙo. Ƙasan lotsawar ake karantawa. A ajiye kwalbar a kan tebur, mai awo ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan. Wanda ya leƙo daga sama zai ga fiye da abin da ke ciki, wanda ya ɗaga kwalbar sama da kansa zai ga ƙasa da shi. A kwalbar mililita 100 da kowane layi mililita ɗaya ne, wannan ganganci kaɗai yakan ci mililita ɗaya ko biyu.

Inda muka fi ganin ɓarna shi ne wajen kalkuleta. A ce an auna man gyaɗa mililita 46, sikeli ya nuna giram 42 bayan an cire nauyin kofi (da yawa sukan manta da cirewar). An raba 42 da 46 don a san nauyin kowace mililita, na'ura ta zubo 0,913043478, ɗalibi ya kwafe duka yana ganin ya burge. Alhali awon nasa lamba biyu ne kacal a kowane ɓangare, amsar da ya isa ya faɗa ita ce 0,91 giram a kowace mililita. Sauran lambobin kwalba ba ta gan su ba, sikeli bai gan su ba. Wannan 0,91 ɗin ma ya wadatar a gane dalilin da mai ke tasowa saman ruwa, tunda mililitar ruwa giram ɗaya ce.

Ga lissafin da butar shayi ta isa a koyar da shi. Ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin jul 4,18 (da jul ake auna yawan zafin da aka kashe). Ruwa giram 250 daga digiri 30 zuwa 99 zai ci jul wajen dubu 72. Idan ya fara tafasa, duk fifitar da aka yi wa gawayi ma'auni ba zai motsa ba, domin zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi, kuma kowane giram yana buƙatar jul kusan 2260. Ƙone ruwan butar ƙurmus ke nan sai jul dubu 565, kusan ninki takwas na abin da ya kai shi tafasa. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. Shi ne kuma sirrin randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana kwashe zafin na ciki. A bazara, da iska ta bushe, randa ta fi sanyi. Da damina ta faɗi, sai ta yi kasala.

Gwaji na ƙarshe ba ya cin ko dala. A haɗa mililita 100 na ruwa mai digiri 30 da wani 100 mai digiri 70. Alƙalami ya ce 50, ma'auni zai nuna ƙasa da haka, saboda kofi ya sha nasa, iska ta sha nata. Kada malam ya gyara lambar. A maimaita sau uku, sau ɗaya a kofin silba, sau ɗaya a na roba, sau ɗaya a tamos da murfi, a motsa ruwan kafin a karanta, sannan ɗalibai su rubuta duka ukun a allo su faɗi wanne ya fi kusa da 50 da dalilinsa.

Wassalam.

Wasu malaman kimiyya,
Maradi