Sanarwa: abin da doka ta tanadar wa yaran da aka yi safararsu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ina so in ja hankalinmu kan yaran da ake safararsu don lalata, domin da yawa muna yi wa yarinyar da aka kamo a ɗakin otal kallon mai laifi. A idon doka ba haka ba ne.

Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane, ta shekarar 2000, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Idan babba ne, sai an nuna an yi masa barazana, yaudara, tilas ko makamancinsu kafin a kira abin safara. Yaro kuwa babu wannan sharaɗin. Ko da yarinyar ce ta ɗauki jakarta ta bi mutumin da ƙafarta, ko ta ce wa ɗan sanda "ni na yarda", laifin yana wuyan wanda ya ɗauko ta, ya ɓoye ta ko ya karɓe ta. Masu wannan aika-aika ba sa son iyaye su san haka, shi ya sa suke tsorata yaran da kurkuku.

Yarjejeniyar ta kuma nemi ƙasashe su sakaya sunan wanda abin ya shafa, su duba masaukinsa, lafiyarsa da karatunsa. Aiwatarwa dai ta bambanta. Wasu wuraren har yau ana gurfanar da yaran, abin takaici.

Don Allah kada a turo hoto ko sunan irin wannan yaro nan rukunin, ko da niyyar taimako ce. A kai rahoto ga hukuma, kuma kada a goge saƙonnin da ke wayarsa, shaida ce a kotu.