Wasiƙa zuwa Jidda: batun kirifto, rajista da haraji

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da yara. Nan gida kowa ƙalau. An gama yankan riɗi, zoɓo ne kawai ya rage a gona, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana fita barka da gaisuwar mutuwa.

Ƙaninka ya kawo mini saƙonka ranar kasuwar Maigatari. Ka ce in ba ka shawara kan USDT ɗin da kake aikowa, wato kuɗin intanet (kirifto) da darajarsa ke bin dalar Amurka: ya buɗe asusu a kamfani mai rajista, ko ya ci gaba da sayarwa hannu da hannu ga yaran da yake samu a WhatsApp. Shawarata ya yi rajistar. Amma ba da sakakkiyar zuciya na faɗa ba, kuma ina so ka san dalili.

Ka tuna a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa duk abin da ya shafi kirifto, sai a Disambar 2023 ya janye. Hanin bai kashe cinikin ba, ɓoye shi ya yi, kuma a ɓoyen nan ne ƴan damfara suka yi ƙiba. Ka saki kuɗinka, a turo maka alat na ƙarya, ba ka da inda za ka kai ƙara. Yanzu da sauƙi. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba kamfanonin cinikin kirifto Busha da Quidax amincewar farko, a Maris 2025 kuma Tinubu ya sa hannu a dokar zuba jari da ta shigar da irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar. Wata ɗaya bayan haka manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da dukiyar jama'a, ita da ba ta da rajistar SEC. Wanda ya ga kukan da aka yi a lokacin ba zai raina takardar izini ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne sirri. Kamfani mai rajista zai karɓi NIN da BVN da hoton fuskar yaron nan da lambar wayarsa. Mutane da yawa ba su san cewa littafin da ake rubuta cinikin USDT a buɗe yake ga duniya ba, suna ne kawai babu a jikin lambar asusun. Ranar da aka haɗa lambar da sunansa, duk abin da ya taɓa shiga da fita ta wurin ya bayyana, har na shekarun baya. Sabuwar dokar haraji kuma ta wajabta wa kamfanonin su riƙa miƙa wa hukuma bayanan masu ciniki da su. A Legas wannan magana ce ta takarda. A ƙauye irin namu, inda mutum ke sayar da sa ya ɓoye wa maƙwabcinsa farashin saboda tsoron infoma, sanin wanda ɗan'uwansa ke aiko masa dala daga Saudiyya magana ce ta rai. Akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023, har da hukumarta. Ina so in ga ranar da za a ɗaure ma'aikacin da ya sayar da sunayen mutane, sannan hankalina zai kwanta. Ka ja wa ƙaninka kunne ya daina nuna wa abokai allon wayarsa a majalisa.

Harajin kansa ba na ƙinsa. A 2023 aka sa kashi 10 cikin 100 a kan ribar irin wannan kadara. Dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun haɗa ribar da sauran kuɗin shigar mutum, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, mafi tsadarsa kuma kashi 25. Wanda ya ci riba ya biya, kamar yadda mai awon gero ke biyan kuɗin rumfa. Inda nake da ja shi ne me ake kira riba. Dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023, cikin shekara guda ta haura 1,500. Wanda ya ajiye USDT don kada guminsa ya narke, ya zo ya sayar, takarda za ta ce ya ninka kuɗinsa, alhali buhun takin da zai saya shi ma ya ninka.

A majalisarmu ta bayan isha'i an rabu. Samarin da suka shiga harkar ta hanyar danna waya lokacin wasan neman kirifto na Hamster Kombat suna cewa gwamnati ba ta da gurbi a ciki. Hujjarsu asusun masu zanga-zangar EndSARS da aka rufe a 2020, da wahalar canjin kuɗi ta 2023, da tsare ma'aikata biyu na kamfanin cinikin kirifto na Binance da aka yi a 2024. Dattawan PRP kuwa da sun ji kalmar haraji sai su tuna maka Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, suna ganin abin da aka kora ta ƙofa ne ke dawowa ta waya. Liman ya ce shi damuwarsa zakka, da yawansu ba su san tana hawa kan abin da ke cikin wayar ba idan ya kai nisabi ya shekara. Ni ina tare da masu son doka, da sharaɗin a tsare sirrin talaka yadda ake tsare na manya.

Ka riƙa rubuta ranar da ka aiko da adadin, shi ma ya ajiye shaidar farashin da ya sayar, don a iya bambance kuɗin cefanen Inna da na kasuwanci idan an tambaya. Kafin ya buɗe asusun zan zauna da shi mu duba sunan kamfanin a shafin SEC.

Inna ta ce a tuna maka maganar dabino da zamzam idan ka sami mai tahowa. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka na ƙuruciya