Wasiƙar godiya ga Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Caernarfon

Zuwa ga shugaban tasha da ma'aikatan Caernarfon Harbour Trust, a arewacin Wales. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, mu masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska mun ga ya dace mu yi godiyarmu a bainar jama'a, saboda ɗawainiyar da kuke yi da ƙofar kudu ta Mashigin Menai, wanda ya raba tsibirin Anglesey da sauran ƙasar.

Babban abin yabon shi ne gangunan alama masu nuna wa jirage hanya a kan ruwa, da ke bakin mashigin. Tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa a wurin ba ya zama wuri ɗaya. Guguwar hunturu kaɗai ta isa ta karkatar da hanya. Taswirar bara sai ta kai mutum kan yashi yana ganin daidai yake. Ku kuwa kukan auna zurfi, ku matsar da gangunan, ku fitar da sanarwar sabon matsayinsu. Ƙa'idar da kuke nanatawa ma gaskiya ce: a ƙetare tudun cikin awa 3 kafin cikar teku ko awa 3 bayanta, kuma kada a kusance shi in iskar kudu maso yamma ta yi ƙarfi alhali ruwa na janyewa. Iska na turo ruwa ciki, ruwa na neman fita, ƙasa ba zurfi, sai igiyar ruwa ta miƙe tsaye ta karye a kan jirgi. Wanda ya iso da wuri ya jefa anka a gefen tsibirin Llanddwyn ya jira, in yanayi ya bari.

Akwai kuma gangar da ake kira Change, daura da garin Caernarfon. Mai shigowa daga teku yana barin jajayen ganguna a hagunsa, amma da ya wuce ta sai lissafin ya juye, ja ya koma dama. Baƙo da yawa nan suke ruɗewa.

Sai Swellies, yanki mai duwatsu da ruwa mai ƙarfin gudu a cikin mashigin, tsakanin gadar Britannia ta 1850 da gadar Telford ta 1826. Nan ne bayaninku ya fi amfani. Ruwan cika yana fara shigowa ta kudu, sannan wani ya zagayo Anglesey ya shigo ta wajen garin Beaumaris, a ɗaya bakin mashigin, don haka gudun ruwa yakan juya tun teku bai gama cika ba. Mai jiran ruwa ya kai maƙura kafin ya shiga ya makara. Lafawar gudun ruwan, wadda ita ce lokacin shiga, takan zo kimanin awa 2 kafin cikar teku a Liverpool, kuma ba ta daɗewa, musamman a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, lokacin da gudun ke haura kilomita 8 a awa. Gara a iso da 'yar rata a jira, a tada inji ko da akwai iska, domin tuddai da bishiyoyin gaɓa suna yanke ta ba zato. A bi layin fitilun da ke gindin Britannia, a lura da farar dala da ke gaɓa, a ba duwatsun Swelly Rock da Platters tazara. A wannan yanki ne jirgin horo HMS Conway ya dafe a 1953, ana janye da shi, bayan ruwa ya juya masa. Bai sake tashi ba.

Roƙonmu ɗaya: a ci gaba da fitar da sanarwar ganguna da wuri, tun kafin jirage su koma ruwa a farkon bazara.

Allah ya ƙara basira, ya kiyaye masu fita aikin.

Naku,
Wasu matuƙan jiragen iska masu bin Mashigin Menai