Ba Kowane Ƙurjin Fuska Ne Na Balaga Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin masu karatu kan ciwon fatar fuska da likitoci ke kira rozasiya, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 30. An daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa, saboda jan da yake sa kumatu da hanci ya fi fitowa a farar fata, alhali yana kama baƙar fata ma, sai dai ya zo da zafi da raɗaɗi da ƙananan ƙuraje, wani lokaci har da ƙaiƙayin ido.

Idan aka ɗebi ɗan yankin fatar aka duba da na'urar hangen ƙananan halittu, za a tarar ƙananan jijiyoyin jini sun buɗe sun ƙi komawa yadda suke, fararen ƙwayoyin jini kuma sun yi cincirindo a kewayen tushen gashi. A cikin ramin gashin akan sami wani ɗan ƙwaro mai ƙafa takwas, Demodeks, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Kusan kowane baligi yana ɗauke da shi, amma a fuskar mai rozasiya yawansa yakan wuce kima. A shekarar 2007 likitan fata Richard Gallo da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka nuna cewa fatar masu ciwon tana fitar da sinadarin kariya mai suna katelisidin fiye da ƙa'ida, shi kuwa yana haddasa kumburi. Gado ma yana da hannu, rana da yaji da shayi mai zafi da ɓacin rai kuma suna tayar da ciwon.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake zuwa kyamis a sayi man shafawa mai ɗauke da sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, irin su kilobetasol da betametazon, waɗanda ake kuma cakuɗawa cikin man bilicin. Yakan lafar da ƙurajen na ɗan lokaci, sannan ya sirantar da fata, ya ƙara buɗe jijiyoyin, da an daina kuma ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Akwai magani na gaskiya, kamar man metironidazol da man ibamektin, amma likitan fata ne ya kamata ya rubuta su. Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta ƙara sa ido kan sayar da man sitiroyid ba tare da takardar likita ba.

Naku,
Mai karatu daga Zariya