Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gyaran mota

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na samu saƙonka cewa ka sayi akwatin sifanu da jak, ka ƙudurta daga yanzu kai za ka riƙa gyaran motarka da hannunka, har ma kana tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas. Ban ga laifinka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, kayan gyara da kuɗin aiki duk suka bi sahu. Dole mai albashi ya nemi inda zai rage. Sai dai akwai ma'aunin da nake so ka riƙe: duk aikin da idan ka yi kuskure za ka gane tun motar tana tsaye a ƙofar gida, yi shi da kanka, wanda kuwa kuskurensa ba zai bayyana ba sai kana tsakiyar gudu a hanyar Kaduna da matarka da yara a baya, wannan ka kai wa gwaninsa, ko nawa zai caje ka.

A zamaninmu motar gida ita ce Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Kafireto ne da ita, idan ka buɗe bonet komai a fili yake, kuma direban da ya san hannunsa yana iya tayar da ita a bakin hanya da sukudireba da filaya. Taka ba haka take ba. Kwamfuta ce take auna man da ke shiga inji da iskar da ke haɗuwa da shi, tana karɓar bayani daga na'urori ƙanana da ke manne a sassa daban-daban. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau, irin waɗanda ake shigo mana da su bayan an yi amfani da su, duk suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Ka sayi 'yar ƙaramarta, ba ta da tsada, tana haɗuwa da waya. Amma ka sani lambar da za ta nuna maka tana faɗin inda motar ke kuka ne kawai. Tana iya ambatar wata na'ura alhali waya ce ɓera ya ci, mutum ya je ya sayi sabon kaya a banza.

Canza baƙin mai da filtarsa aikinka ne, muddin ka zuba irin wanda littafin motar ya faɗa, kuma ba ka ɗaure ƙusar ƙasan inji da ƙarfin tsiya har zarenta ya lalace ba. Haka filtar iska, wadda ƙurar hunturunmu ke toshewa tun kafin lokacinta, da filogi, da ƙwan fitila, da wanke kan batir idan ya yi tsatsa. In za ka cire batir, fara kwance ɓangaren da ke da alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Ka koyi karanta shekarun taya: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya tana iya zama da zanenta raɗau amma robarta ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya raga mata. Abu biyu kuma na hore ka a kansu ko a cikin wannan ƙaramin aiki. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ne ke riƙe da ita, sai ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka a kan daɓe mai tauri. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, kuma fuska yake nufa idan ya fito.

Birki da sitiyari da jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari da cikin giya, waɗannan ba wurin koyo ba ne. Bidiyon YouTube yana nuna maka aikin a kan mota mai tsabta, a hannun wanda ya maimaita shi sau ba adadi, ba ya nuna maka yadda za ka yi idan ƙusa ta ci tsatsa ta karye a ciki, ko iska ta shiga bututun man birki, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da bakanike ya faɗa daidai ne. A nan ma karatun naka zai fi yi maka amfani. Da zarar mota ta fara zafi, abin da da yawansu ke fara cewa shi ne a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe. Idan aka cire ta, inji yana daɗewa cikin sanyi, musamman da asubar hunturu a nan Zariya, kwamfuta kuwa sai ta ci gaba da ƙara masa mai, ka wayi gari motar tana shan abin da kake ƙoƙarin tattalawa, ainihin ciwon kuma, wanda sau da yawa toshewar lagireto ne ko mutuwar famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka batun abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da suke kira indomi: za a ce maka ya toshe a fasa a fitar, amma ba kowa zai gaya maka yana ɗauke da ƙarafa masu daraja da ake saya da tsada ba. Ka ce a nuna maka shaidar toshewar kafin a sa masa hannu.

Maganar gas kuwa, ban hana ka ba, amma ba aikin tsakar gida ba ne, ba kuma na mai walda ba. Iskar da ake ɗura wa mota ana matse ta har kusan bar 200 a ma'aunin matsi, ta girki kuwa ba ta kai bar 20 ba, saboda haka tukunyar da ba a ƙera ta domin wannan matsi ba bam ce mutum ya ajiye a but. Ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita, a ba ka takardar tukunyar da ta aikin. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT tana nan hanyar Basawa, za ka iya fara neman bayani daga can.

In ka samu bakanike mai amana, ka riƙe shi, kada ka riƙa yawo daga gareji zuwa gareji saboda rarar naira dubu biyu. Ka sayi kayan da kanka ko ku je tare, ka karɓi tsohon da aka cire, ka tsaya a wurin idan da hali, ka yi tambaya cikin ladabi ba tare da nuna masa ka fi shi sani ba. Idan ya gama ka biya shi hakkinsa nan take, kamar yadda hadisi ya umarta a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Tunda kun ce za ku zo hutun Sallah, ka sa a duba birki da tayoyin tun da sauran mako guda, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kun iso zan kai ka wurin wanda ke duba mini tawa a Sabon Gari, ya saurari ƙarar nan da ka ce kana ji a ƙafar gaba. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ku. Allah ya yi muku albarka, ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.