Rahoton Ayyukan Shekara: Karatun Tsoka da Jijiya Domin Gwajin EMG

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwa membobi na cikin garin Bauchi, Azare, Misau, Ningi da Dass, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Ma'aji zai karanta nasa lissafin daban, don haka ba zan shiga hurumin kuɗi ba. Masu bashin kuɗin wata dai sun san kansu.

A babban taron bara ne aka yanke shawarar mayar da karatun Asabar kacokan kan sanin tsoka da jijiyoyin saƙo, domin shirin gwajin EMG, wanda ake auna lantarkin tsoka (ta hanyar soka mata siririyar allura) da saurin tafiyar saƙo a jijiya da shi. Wasu sun so a fara da na'ura kai tsaye. Kwamiti bai yarda ba, kuma har yau ina ganin ya yi daidai. Na'ura ba ta san sunan tsokar da allura ta shiga ba, abin da ta ji shi take nunawa. Idan mai gwaji ya ɗan kauce ya faɗa tsokar da ke maƙwabtaka, wadda wata jijiya dabam ke kula da ita, takarda za ta fito tsaf da lambobinta, amma ƙarya ce a ciki.

Saboda haka ba mu soka wa kowa allura ba a duk tsawon shekarar. Wannan aikin likitan da ya sami horo ne. Namu shi ne alƙalamin maka da yatsu. Ana raba mu biyu-biyu, mata da mata, maza da maza, kowa ya zana hanyar jijiya a jikin abokinsa, sannan ya sa shi ya motsa gaɓar ya laluba tsokar da ta ɗaure. Wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ya jagorance mu ba tare da karɓar ko sisi ba, Allah ya saka masa da alheri.

Da hannu muka fara. A shimfiɗa shi tafin yana kallon sama, a ce wa mutum ya ɗaga babban yatsa tsaye: tudun naman da ya yi tauri a gindin yatsan, jijiyar midiyan ce ke aika masa saƙo, ita ce kuma take matsewa a wuyan hannu har mutum ya riƙa farkawa cikin dare da mutuwar yatsu. A juya hannun, a laluba naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Nan aka kama mutane da yawa, har da manyanmu. Kusancinsa da babban yatsa ya sa suka ce na midiyan ne, alhali na jijiyar alna ne, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in mutum ya buge ta yake jin tsirr har ƙaramin yatsa. Ita ce kuma kuturta ke yawan taɓawa. Bayan nan aka yi ta zana saƙar jijiyoyin kafaɗa a allo, daga C5 zuwa T1 (lambobin saiwoyin jijiya da ke fitowa daga ƙashin wuya zuwa farkon ƙashin baya), har sai da kowa ya iya ba tare da duba littafi ba. Masu aiki da jariran da hannunsu ya saki bayan doguwar naƙuda sun fi kowa jin daɗin wannan darasi, domin C5 da C6 ne suka fi samun rauni.

Inda muka fi daɗewa shi ne ƙafar da ta saki, wadda mai ita ba ya iya ɗaga ta daga idon sawu, sai ya riƙa ɗaga gwiwa sama in yana tafiya. Duk mai aiki a sashen gashin ƙashi ya san ta. Abu uku kan jawo ta, kuma a ido kusan kama ɗaya suke: ko jijiyar feroniyal ta matse a ƙullin ƙashin nan na gefen gwiwa ta waje, ko saiwar jijiya ta L5 ta matse a ƙashin baya wajen ƙugu, ko kuma an raunata babbar jijiyar sayatik, wadda feroniyal reshenta ce, a mazaunai. Sanin tsoka ne ke raba gardama. Tsokar da ke juya ƙafa ciki daga L5 take, amma ba ta hanyar feroniyal saƙonta ke zuwa ba, don haka idan ita ma ta raunana, a daina zargin gwiwa, a duba sama. Akwai kuma gajeren kan wata tsoka a bayan cinya, ita kaɗai ce a saman gwiwa da ɓangaren feroniyal na sayatik ke kula da ita. In ta taɓu, matsalar ta wuce gwiwa.

Ba don jarrabawa muka nace a nan ba. Tun watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna ta daji, amma har yau ana kawo mana yara suna jan ƙafa, uwa ta ce ai zazzaɓi ne kawai, aka yi masa allura a wani kyamis, washegari ƙafa ta ƙi. Wannan ne ya sa membobinmu na Misau da Ningi suka zaga wasu ƙananan asibitoci suna tunatarwa: jariri a yi masa a gefen cinya ta waje, in kuwa dole sai mazaunai, to can sama ta waje, nesa da hanyar jijiyar sayatik. Sun kuma koya wa ma'aikata yadda za su yi wa iyaye bayani, cewa jijiya na tsirowa da kamar milimita 1 ne a rana, don haka magana ce ta watanni, kada a gaji da zuwa gashi.

A ƙarshen shekara ne aka taɓa ƙa'idojin gwajin. Saƙo a jijiyar hannu mai lafiya yakan wuce mita 50 a daƙiƙa, a ƙafa ya wuce 40. Sanyi na rage wannan sauri, abin da ya shafe mu ƙwarai lokacin hunturu: majinyacin da ya taso daga ƙauye a kan babur da sassafe, sai an ɗumama hannunsa ya kai kamar digiri 32 a ma'aunin Celsius kafin a auna, in ba haka ba a laƙaba masa ciwon da ba shi da shi. Haka nan kada a yi gaggawar tura wanda ya ji rauni jiya, domin alamun tsokar da ta rasa jijiya sai bayan mako 2 zuwa 3 suke bayyana. Likita ya kunna mana a waya sautin da suke bayarwa a na'ura, kamar yayyafi a kan rufin kwano.

Zaman da aka shirya yi a Azare bai yiwu ba saboda tsadar mota. Halarta ma ta ja baya da damina, kuma tsokokin baya da na ƙirji, inda allura ke iya huda huhu in ba a kula ba, ba mu kai gare su ba. Da su za a buɗe karatun baɗi in Allah ya kai mu. Kwamiti na neman amincewarku a sayi gunkin roba na hannu da na ƙafa, sannan a rubuta wa wani asibitin da ke da na'urar a nemi izinin membobi su je su ga ana gwajin. Mai son shiga ayarin farko ya ba da sunansa kafin a tashi daga taro.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya