Ba Kowace Shawara Ce Ta Jiƙo Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan kansar bututun madaciya, wato hanyar da ruwan madaciya ke bi daga hanta zuwa hanji. Da yawanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Bara idanun kawuna suka yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, bayan gidansa ya yi fari-fari. Ƙaiƙayi kuwa, har da tsinken tsintsiya yake sosa bayansa cikin dare. Kowa ya ce shawara ce. Wata huɗu muna ɗura masa jiƙe-jiƙe, yana ta ramewa. Ranar da aka yi masa hoton ciki, likita ya ce ƙari ne ya toshe bututun, kuma ya wuce a yi aiki. Allah Ya jiƙansa.

Tiyata ce babbar hanyar warkewa, ita ma sai an gano cutar da wuri. Masu ciwon hanta nau'in B ko C, wanda ya yi mana katutu a Arewa, haɗarin kamuwarsu da ita ya fi yawa.

Ina roƙon cibiyar NICRAT, wato cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa, ta ware kuɗin bincike kan wannan cuta, masu hannu da shuni kuma su tallafa wa majinyata da kuɗin hoto da na sanya bututun da ke buɗe hanyar. Gidajen rediyonmu su ma su riƙa faɗa wa jama'a: dattijon da idonsa ya yi rawaya, asibiti za a fara kai shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya